Sawun Alhaji Sanda a Ɗakin Albasa

Tun da na dawo daga Garwa wayata ba ta huta ba. Ƙawayena da muka yi koyarwa tare sun sa ni a gaba, musamman Malama Binta mai lissafi, wadda ko Sabon Gari ka je sai ta tambaye ka yadda hanya take. Me ya kai ki Kamaru a tsakiyar bazara, me kika ci, da wane yare kika yi magana, gaskiya ne dorina tana yawo a cikin gari? Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk wadda na ba labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ta miƙa wa ta gaba, har na ji ana cewa wai aiki aka ɗauke ni a can. To ga shi a rubuce, kowa ta karanta ta bar ni in huta.

Wanda ya jawo tafiyar shi ne Alhaji Sanda, ɗan kawuna. Kawu ya tafi Garwa fatauci tun kafin a haife ni, ya yi aure a can, bai sake zaman Zariya ba. Sanda taubashina ne ke nan, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da tsiya ba. Shi yana ce min baiwarsa, ni ina ce masa mai warin albasa, don dillancin albasa ya gada kuma shi yake yi har yau a unguwar Rumde Ajiya. Yana da ɗa mai suna Hamadu, wanda ya yi karatun zane a Marwa ya dawo gida, ya shige wani tsohon ɗakin ajiyar albasa a bayan gidan ya mai da shi wurin aikinsa. Gemu ya cika masa fuska, sa'o'insa sun yi aure, shi kuwa yana ɗaki yana watsa fenti a kan yadi.

Matar Alhaji, Hajja Dudu, ita ta kira ni. Ta ce albasar bana ta kusa shigowa, kuma Alhaji ya rantse za a kwashe kayan Hamadu a zuba buhuna, shi kuma a tura shi Kuseri ya zauna a shagon ƙanen Alhaji ya koyi sana'ar mutane. Ga shi wata mata mai gidan nuna zane a Duwala ta ga aikin yaron a waya ta ce za ta ɗauki wasu, amma Alhaji ya ce wannan ma irinsa ce. Da aka matsa masa sai ya ce, cikin gatse, in akwai mai ilimin abin a dangi ya zo ya ce masa wannan aiki ne ba taɓin hankali ba, zai bar ɗakin. Ya manta da ni. Ya manta cewa baiwar tasa ta ƙare ƙuruciyarta tana koya wa 'yan mata zane a sakandare har ta yi ritaya.

Na amsa da ƙarfin gwiwa a waya, amma da na ajiye sai na fara shakkar kaina. Ni abin da na koyar shi ne bokiti, da lemo a faranti, da tulu da inuwarsa. Irin zanen da Hamadu yake yi, wanda ba ya kama da komai, na karanta shi a kwaleji, na ci jarrabawa a kansa, amma ban taɓa tsayawa a gabansa ba. Malaminmu ya raba mana hotunansa a takardu baƙi da fari, yana ta yabon launuka, mu kuma muna kallon abin da ya yi kama da bayan tukunya muna gyaɗa kai.

Daga Zariya na bi ta Bauci da Gwambe da Numan. Ba zan ɓata muku lokaci da wannan ɓangaren ba, kun san hanyar, kun san direbobinta da suke ɗaukar kowane rami a matsayin abokin gaba. A Jimeta na sauka gidan wata tsohuwar ɗalibata da ta zama ma'aikaciyar jinya. Ta karɓe ni hannu biyu, ta kuma gaya wa 'ya'yanta a gabana cewa ni ce na taɓa ba ta sifiri saboda ta zana akuya mai ƙafa biyar. Na ce har yanzu ina kan bakana. Ta ce ita ma, akuyar gudu take yi.

Da safe na shiga motar Belel, inda iyaka take. Aka haɗa ni kujera da wata mata gajera kakkaura mai suna Madam Tabita, Kirista daga duwatsun wajen Mora, wadda take sarin robobi a Jimeta tana kaiwa Garwa. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. "Mama, ka matsa kaɗan, ka riƙe min wannan." Kafin in ce wani abu ta ɗora min baho a cinya, kuma da shi na ƙetare rabin jihar Adamawa. Amma Allah ne ya haɗa ni da ita, don Fulatanci a bakinta yake, Faransanci ma haka, ni kuwa daga "jam na" sai "bonjur" na ƙure.

A iyaka akwai wani kogi da ya ƙafe, sai yashi fari fat. Babura ke ƙetarar da mutane, amma wanda ya ɗauke ni ya nutse a tsakiya, ya ce sai dai in sauka in taka. Takalmina ya cika da yashi, na cire na riƙe a hannu, ina ɗaga ƙafa kamar kaza a kan garwashi. Madam Tabita tana bayana tana dariya har da riƙe ciki. Ba rawar da nake yi ce ta ba ta dariya ba, sawuna ne. Mu a gidanmu muna da wani babban yatsa da ya karkace waje, ya juya wa sauran baya kamar an yi masa laifi. Daga kakanmu Malam Audu muka gaje shi, kuma duk wanda ya fito ta tsatsonsa sai ya zo da shi. Ta ce ko a cikin sawun mutum dubu za ta gane nawa, don haka kada in kuskura in yi sata a Kamaru.

A ɗaya gefen jandarma ya duba takarduna da katin rigakafi, ya tambayi sana'ata. Madam Tabita ta gaya masa malamar zane ce. Nan take fuskarsa ta washe, ya yago gefen kwali, ya miƙo min biro, ya gyara hula ya ƙame. Na zana shi. Ya duba ya ce ai shi ba shi da wannan tumbin. Na ce a gaya masa ni abin da na gani nake zanawa, ban taɓa ragi ba. Abokan aikinsa suka taru suka shaida cewa tumbin nasa ne, suka liƙa kwalin a bango, aka buga min hatimi aka sallame ni da tafi. Na shiga Kamaru ina jin kaina.

Daga Demsa ta Kamaru zuwa Gashiga zuwa Garwa ba nisa, sai dai zafi. Ku da kuke kukan zafin Zariya ku nemi gafara. A Garwa iskar da ke shigowa ta tagar mota ma sai ka ji kamar wani ne ya buɗe tanda. Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne burodinsu, dogo siriri mai tauri, wanda mutum zai soke a hammata tsirara ba leda ya hau babur. Ana tsaga shi a cusa masa ƙwai da taliya a ci da kofi mai madara. Burodi da taliya a baki ɗaya. Na yi tir da abin a ranar farko, kafin in taho kuwa ni nake aika a sayo.

Madam Tabita ba ta rabu da ni ba sai da ta kai ni ƙofar gidan a Rumde Ajiya, ta sumbace ni a kumatu biyu irin na mutanen can, ta bar min ƙaramar roba kyauta. Hajja Dudu ta fito da "jaɓɓama, jaɓɓama", wato sannu da zuwa, ta ja ni ciki. Gaisuwar Garwa doguwa ce, ana yin ta da murya ƙasa-ƙasa, ba a kallon ido, kuma a cikinta za a tambayi zafi da gajiya da mutanen gida da waɗanda suka mutu tun bara. A gidan kuwa harsuna uku ake dafawa a tukunya ɗaya. Za a fara magana da Hausa, a juya Fulatanci in an zo wurin tsegumi, a ƙarasa da Faransanci in an zo kan lekol ko lofital, wato makaranta ko asibiti.

Alhaji Sanda ya dawo daga kasuwa cikin babbar riga, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ashe har yanzu bayi suna tafiya ba izinin iyayen gidansu. Na ce warin albasa ne ya jawo ni tun daga Numan. Muka yi dariya, amma idonsa bai yi ba, ya san abin da ya kawo ni. Aka kawo tuwon masara da miyar folere, wato yakuwa da aka dafa da gyaɗa da kifi, ga gasasshen giwan ruwa daga kogin Binuwai, ga kunun gyaɗa da suke kira gari. Na ci har na ji kunya.

Wani abu na lura da shi tun ranar. Ƙofar gidan ƙasa ce, amma kullum a share take ƙal, kuma duk lokacin da Alhaji ya fita sai Hajja Dudu ta bi bayansa da tsintsiya. Na tambaye ta ko tsafta ce ta yi mata yawa. Ta rage murya ta ce ba tsafta ba ce, umarni ne. Wata shekara albasar Alhaji ta ruɓe a hanyar Duwala mota bayan mota, wani ya gaya masa abokan hamayya ne suka ɗebi sawunsa suka kai wa boka. Tun daga nan ba ya taka ƙasa ba takalmi, kuma ko na takalmin ba ya yarda ya kwana. Mu ma a Zariya muna da masu wannan tsoron, kakata ma tana hana mu barin sawu a ƙofar gida, amma ban taɓa ganin wanda ya mai da shi aikin yini kamar taubashina ba.

Washegari Hamadu ya kai ni ɗakin nasa. Dogo ne, mai sanyin magana, duk faratansa fenti. Ɗakin yana warin tsohuwar albasa da kananzir. Ba tebur, ba kujera, ba ma buroshi na kirki, sai sanduna da ludayi da guntun tsintsiya da gwangwanayen da aka huda. Yadin a ƙasa yake shimfiɗa shi, ya tuɓe takalmi, ya riƙa zagaya shi yana ɗiga fenti, wani lokacin ya shiga tsakiyarsa. Fentin mota yake haɗawa da jar ƙasa da baba irin na marina.

Na shiga da bakin malama, ina shirin tambayar ina inuwa, ina tsakiya. Sai na juya na ga wani babban zane a jingine da bango, kusan duk launin ƙasa da ruwan ɗorawa, da wani baƙin layi da ya taso daga sama ya tsinke kafin ya kai ƙasa. Ban san lokacin da na kifa bokiti na zauna ba. Ba zan ce muku ga abin da na gani ba, don babu abin gani, amma ƙirjina ya yi nauyi. Hamadu ya ce a makon da Inna ta rasu ya yi shi, kakarsa, matar kawuna, wadda ta goya ni lokacin da aka kai ni Garwa ina jaririya. Ya ce ya fara zana fuskarta, sai ta fito kamar hoton katin shaida.

"Sai na bar fuskar, Goggo," in ji shi. "Na zana yadda gidan ya zama da ba ta."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji haushin waɗancan takardu baƙi da fari.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dogonyaro, aka kawo shayi, Alhaji ya harɗe ya ce to malama, bismillah. Hamadu yana can gefe a tsugune, Hajja Dudu tana bakin ƙofar kicin tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa. Na gyara murya kamar ina gaban aji.

Na ce wannan zane ba Hamadu ya ƙirƙiro shi ba, yana da asali da dangi. A birnin New York ya tashi, bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da mutane suka ga irin ɓarnar da ɗan Adam ya yi har wasu masu zane suka ji ba za su iya komawa zana furanni da kyawawan fuskoki ba. Alhaji ya ce wannan ya fahimta, ko a Mora akwai waɗanda tun tashin hankalin nan ba su koma daidai ba. Na ji daɗi na ci gaba. Na ce yaƙin ya koro wasu masu zane daga Turai zuwa can, suka zo da wata dabara ta sakin hannu ya yi ta tafiya a kan takarda ba tare da kai ya ba shi umarni ba, don abin da ke ɓoye a zuciya da mafarki ya fito.

Alhaji ya ajiye kofi. Ya ce in maimaita. Hannu yana tafiya, mai hannun bai sa shi ba? Ya juya ya kalli Hajja Dudu ya ce ai shi ma abin da yake faɗa ke nan tun bara, ana cewa ya cika zargi.

Na yi sauri na wuce gaba. Na ce sun kuma koya daga masu zanen bango na ƙasar Meziko, waɗanda suke cika bango guda da fentin gini, shi ya sa nasu ma manya ne. Ya ce masu fentin gini dai ana biyansu. Na ce shimfiɗawa a ƙasa kuwa, ɗaya daga cikin manyansu ya gani ne a wurin mutanen asali na Amurka, waɗanda suke zane da yashi mai launi a ƙasa, su zaunar da marar lafiya a tsakiya suna waƙa don ya warke. Tun kafin in rufe baki na san na yi ɓaranɓarama. Alhaji ya ce to, ga hannu mai tafiya da kansa, ga marar lafiya a tsakiyar zane ana masa waƙa, saura garaya kawai. Ya ce ya gode, ya kira ni in kare yaro na zo na kawo shaida a kansa. Hajja Dudu ta dube ni da wani ido da har yanzu nake gani in na rufe nawa.

Na tattaro abin da ya rage min. Na ce sun kuma sha daga rubutun hannu na mutanen Sin da Japan, inda ake ganin halin mutum a yadda ya ja alƙalami, kamar yadda mu ma muke gane hannun malami a allo tun kafin mu karanta. Na ce tun kafin su ma, masu zane a Faransa sun kwaikwayi sassaƙen Afirka. Na nuna masa ƙwaryar da ke hannun matarsa, wadda matan Fulani suka ƙona wa ado, na ce ya gaya min wannan hoton mene ne. Na ƙare da abin da nake ganin shi ne babban makamina, na ce a duk ɗakin nan babu surar abu mai rai ko ɗaya, ko malamin da ya fi kowa tsanani ba zai ce mala'iku su ƙi shiga ba.

Wannan ta ɗan taɓa shi. Ya juya carbinsa. Sannan ya ce ya yarda ba haramun ba ne, amma ba duk abin da ba haramun ba ne sana'a, barci ma halal ne. Ƙwarya kuma ana shan fura a cikinta. Ya ce motar albasa tana tafe, ranar Juma'a a kwashe ɗakin. Hamadu ya ce to Baba, ya tashi. Bai yi musu ba, kuma wannan ya fi komai ci min rai, don na yi tafiya mai nisa na zo na ƙarasa shi da bakina.

Da sassafe Hamadu ya shiga ɗakin ya shimfiɗa yadi mafi girma da yake da shi, daga bango zuwa bango. Ya ce min tunda na ƙarshe ne, gara ya yi wa matar Duwala wanda zai cika mata ido. Na zauna a kan bokitina a lungu ina kallo. Ya yi ta zagayawa ba takalmi, yana zuba shuɗi da ja, yana shiga yana fita, har rana ta ɗaga. Sai ya fita ta ƙofar baya wanke hannu.

A daidai nan na ji sallamar Alhaji. Ya zo auna ɗakin ne ya ga buhu nawa zai ci, kuma rabonsa da shiga tun ranar da yaron ya fara aiki a ciki. Daga hasken rana ya fito, ɗakin da duhu-duhu. Ya ga abu a shimfiɗe daga ƙofa har bango, sai ya yi abin da duk ɗan mutunci yake yi in ya ga shimfiɗa. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya jera su, ya yi bismillah ya sa ƙafar dama.

Na buɗe baki in yi magana. Allah ya sani na buɗe. Amma idonsa yana sama yana ƙirga azara, yana tafiya a natse irin ta masu babbar riga, kuma ni taubashiya ce. Sai da ya kai tsakiyar ɗakin ya ji sanyi a tafin ƙafa. Ya duba ƙasa. Ya duba baya. Ga sawunsa nan a jere, shuɗi a kan ja, kowane yatsa ya fito raɗau.

Hamadu ya dawo ya tsaya a ƙofa kamar an dasa shi. Hajja Dudu ta leƙo ta kafaɗarsa, ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Alhaji kuwa ya kasa gaba ya kasa baya, don duk inda ya sa ƙafa ƙari ne. Sai da Hamadu ya miƙa masa hannu ya ɗora shi a kan wani katako. Aka zaunar da shi a kan bokitina, ɗan ya durƙusa da tsumma da kananzir yana goge masa ƙafa.

Ni na fara magana. Na ce ba komai, ai masu wannan zanen suna cewa abin da ya faɗo bisa kuskure shi ma na zanen ne, matar Duwala za ta so shi haka. Alhaji ya ɗago da sauri. Ya tambaya ina za a kai shi. Na ce Duwala, a rataye a bango kowa ya zo ya gani. Duwala, inda duk abokan hamayyarsa suke sauke kaya. Mutumin da ba ya barin sawun takalmi ya kwana a ƙofar gidansa, ga tafin ƙafarsa tsirara za a kai wa maƙiya har gida a nannaɗe.

Ya ce ba inda za a kai shi. Hajja Dudu ta cire mayafi daga baki ta ce to a ƙona. Ya ce ta taɓa jin wanda ya ƙona sawun kansa? Na ce a wanke. Ya ce a wanke a zubar a kwata, kowa ya tsallaka? Na ce to a naɗe a jefa bayan buhuna. Ya ce albasa tana gumi, in abin ya ruɓe fa? Duk hanyar da muka kawo sai ya toshe ta da kansa, muna kallonsa yana gina wa kansa katanga.

Yana cikin haka sai idonsa ya sauka ƙasa. Ya sunkuya yana kallon yadin. Kusa da sawunsa, a wurare da yawa, akwai wasu sawaye da suka riga nasa, rabi fenti ya rufe su, na Hamadu. A wani wuri guda biyu sun faɗi gefe da gefe, babba da wanda ya ɗan fi shi tsawo, kuma kowanne da babban yatsan nan da ya juya wa 'yan'uwansa baya. Alhaji ya daɗe yana kallo. Ya kalli ƙafarsa da ke hannun ɗansa, ya kalli ta ɗan.

"Yatsan Malam Audu," in ji shi, ba da kowa yake ba.

Ya miƙe ya sa takalmi. Ya ce in ya bushe a rataye shi a bangon nan, a sa kwaɗo a ƙofa, mabuɗi ɗaya a wurinsa ɗaya a wurin yaron, tunda dole wani ya riƙa kula kada gara ta ci. Hajja Dudu ta tambaya a hankali, albasa fa? Ya ce albasa ba ta kwana ɗaki ɗaya da ƙafarsa, a nemi wani magazen, wato ɗakin ajiya, a kasuwa. Hamadu yana durƙushe har lokacin da tsumma a hannu. Ya ce Baba, ai wannan ne na yi wa matar Duwala alkawari.

Alhaji ya kai bakin ƙofa, bai juyo ba.

"Ka yi mata wani," ya ce. "Amma ka riƙa rufe ƙofa."

Ba wanda ya sake ambaton Kuseri har na taho. An kai ni gadar Binuwai na ga dorina, ga amsarki Malama Binta, a cikin ruwa take, kunnuwa kawai na gani. Na dawo ta hanyar da na bi, jandarman nan yana nan, kwalinsa yana bango, wani ya ƙara wa tumbin girma da jan biro.

Ranar da zan bar Garwa Alhaji ya raka ni tasha, ya ce duk iliminki dai ƙafata ce ta yi aikin. Na ce haka ne, kuma shi ne karo na farko da na ga ta yi abin kirki. Jiya Hajja Dudu ta kira ni. Ta ce har yanzu tana share ƙofar gida, amma kusan kullum in Alhaji ya dawo daga kasuwa sai ya zaga baya ya buɗe kwaɗon, wai yana duba gara. Yakan tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya leƙa ya tabbatar ba komai a ƙasa, sannan ya kifa bokiti ya zauna.